Tambarin Da Aka Tsinta A Akwatin Tsoho

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar hawasha da ruwan noma, mu duba wani ɗan ƙarfe wanda bai kai tafin hannun yaro ba.

Wani ɗalibinmu ne ya kawo mana shi, cikin yaran da yaƙi ya koro daga Wad Madani zuwa nan Managil a ƙarshen 2023. A gindin akwatin kakan mahaifinsa aka same shi, ƙunshe cikin tsumma. Mutanen gida sun ce tambarin makarantar koyon tuƙin jirgin sama ne, inda marigayin ya yi wa Turawa aikin kuku. Wani ya ce a jefar, wani ya ce a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Uwar yaron ce ta ce a kai wa malamai tukuna. Allah ya saka mata da alheri.

Da muka goge shi, rubutun da ke kewaye ya nuna cewa na rukuni mai lamba 47 ne na mayaƙan saman Ingila, wanda ya zauna a Khartum daga 1927 har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen gida ba su yi nisa da gaskiya ba, domin a lokacin yaƙin an horar da matuƙa a Shajara, kudu da Khartum.

To, shi tambari irin wannan karanta shi ake yi kamar wasiƙa, daga sama zuwa ƙasa. A bisa akwai kambin sarauta, wato rukunin na Sarkin Ingila ne. Sarki Joji na Shida ne ya amince da wannan tambari a 1938. A tsakiya akwai kan tsuntsu mai farin gashi a bayan ido. Ɗan'uwan gauraka ne, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira rahu. Yana hayayyafa a kudancin Rasha, idan sanyi ya kama sai ya sauko Sudan. An zaɓe shi saboda rukunin ya yi aiki a kudancin Rasha a 1919 kafin ya zo nan.

Bayan kan tsuntsun akwai da'ira mai layuka fari da shuɗi, suna lanƙwasa kamar igiyar ruwa. A ƙa'idar masu zana tambari wannan na nufin ruwa, kuma yana tuna zamanin da jiragensu ke sauka a kan Kogin Nilu. Wata yarinya a ajin ta ce ita kam Farin Nilu da Shuɗin Nilu ta gani, sun haɗu a Mogran. Ba mu hana ta ba. A can ƙasa kuma akwai kirari da Latinanci, ma'anarsa sunan Nilu alamar ƙarfi ce.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wannan: jirage uku na wannan rukuni ne suka tashi daga Masar a 1925, Arthur Coningham na jagorantarsu, suka bi ta Khartum da Fashir da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka sauka Kano a farkon Nuwamba. Hanyar nan ce kakanninmu suka biyo a ƙasa, da jakuna, suna neman Makka, wasu shekara da shekaru. Su sun nufi yamma cikin kwanaki kaɗan, an rubuta ranar tashinsu da ta saukarsu. Namu da suka nufo gabas fa, wa ya rubuta?

Ba yabon mulkin mallaka muke yi ba. Jiragen nan don tsare mulkin Turawa aka kawo su. Amma mu duba yadda suka dunƙule tarihinsu cikin ɗan ƙarfe, har ya yi mana bayani bayan shekara fiye da 80. Shi kuwa tsohon da ya dafa musu abinci, ko garin da iyayensa suka baro jikokinsa ba su sani ba.

Yaƙi ya riga ya ci akwatuna da yawa a Jazira. Saboda haka muna roƙon iyaye, duk wanda ke da tsohuwar takardar hawasha, ko wasiƙar ajami, ko allon kaka, kada ya yar. A kai wa malamin makaranta ko limami ya karanta, a rubuta sunan mai shi da garin asalinsa tun masu sani suna raye. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Mun mayar wa yaron tambarinsa tare da bayanin a rubuce. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.