Shawara Ga Ma'aji: In Littafinka Ya Saɓa Da Na Banki

A watan jiya mun yi magana a kan ajiye rasit. Yau kuwa za mu duba abin da yakan hana ma'aji barci, watau ranar da littafinsa ya faɗi abu ɗaya, banki kuma ya faɗi wani dabam.

Kwanan baya an kira ni taron wata ƙungiyar mata masu sayen masara da kaka su sayar da bazara. Na iske wurin tsit, ma'ajiyarsu tana zaune a gefe tana share hawaye da gefen mayafi. Littafinta ya ce akwai naira 486,500 a asusunsu ran ƙarshen wata. Takardar da aka karɓo daga banki kuwa ta ce naira 451,200 ne. An rasa inda naira 35,300 suka shiga. Har wata ta riga ta fara tambaya a kan sabon zanen da ma'ajiya ta ɗaura. Matar nan fa shekara shida tana riƙe musu kuɗi ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

Na ce da su, "Iyayena mata, ku dakata tukuna. Ku ba ni littafin, da takardar banki, da fensir."

Me ya sa sukan saɓa?

Lalle ne mu gane cewa littattafai biyu ne, mutum biyu ke rubuta su, kowa da lokacinsa. Kai ma'aji kakan rubuta abu ran da ka yi shi. Banki kuwa ba ya rubutawa sai abin ya iso gare shi. Haka nan akwai abin da banki ya sani kai ba ka sani ba. Saboda haka bambanci ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne bambancin da ba a iya bayyana dalilinsa ba.

Ga yadda muka yi. Wata ta riƙe littafin tana karantawa da ƙarfi, ni kuma ina bin takardar banki. Duk kuɗin da muka samu a wuri biyu, daidai da daidai, sai mu sa masa 'yar alama da fensir nan da can. Da muka kai ƙarshe, abu biyar ne suka rage ba alama.

Uku daga ciki gyaran littafinmu ne. Na fari, banki ya cire naira 1,300, kuɗin saƙon waya da na kula da asusu da haraji. Irin waɗannan ƙananan kuɗi ba wanda yakan ba ka rasit a kansu. Akwai naira 50 da ake cirewa a kan kuɗin da aka tura ta waya in ya kai naira 10,000, tun watan Fabrairu na 2020 kuma harajin da ake ɗorawa a kan ladan aikin banki ya zama kashi 7.5 cikin ɗari. Na biyu, wata 'yar ƙungiya ta tura zubinta naira 20,000 ta waya, ta manta ba ta faɗa wa kowa ba. Na uku, an biya mai mota naira 54,000, rasit ya nuna haka, amma ma'ajiya ta rubuta 45,000. Hannunta ya juya lambobin, ta rage naira 9,000 a kuɗin da ya fita.

Sai muka ɗauki 486,500, muka cire 1,300, muka ƙara 20,000, muka cire 9,000. Abin da ya rage 496,200.

Biyun da suka saura ba laifin kowa ba ne, lokaci ne kawai. Wani ɗan kasuwa ya biya su da cek na wani banki, naira 75,000, aka kai shi da yamma ran ƙarshen wata, bai shiga asusu ba sai cikin sabon wata. Su kuma sun ba mai buhuna cek na naira 30,000, yana nan a aljihunsa bai kai banki ba. Muka ɗauki 451,200 na banki, muka ƙara 75,000, muka cire 30,000. Abin da ya fito 496,200.

Ashe ko kwabo bai ɓata ba. Kuɗin ƙungiya ma ya fi abin da littafi ya ce. Mai maganar zane ta sunkuyar da kai, ta je ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki gafarce ni." Zato zunubi ne, in ji Hausawa.

Dabarun neman kuskure

In ka gama sa alama amma lissafi ya ƙi haɗuwa, kada ka fara daga shafin fari kana tarawa kamar wanda ya rasa hanya. Dubi bambancin kansa, gama yakan nuna inda ɓarnar take.

Raba shi da 9. In ya rabu ba saura, mai yiwuwa an juya lambobi biyu. Tsakanin 54 da 45 akwai 9, tsakanin 720 da 270 akwai 450, dukansu kuwa 9 tana raba su. Haka yake in an manta sifiri ɗaya, aka rubuta 500 maimakon 5,000, bambancin 4,500 ne, shi ma 9 tana raba shi.

Raba shi biyu. In bambancin 16,000 ne, nemi wani kuɗi na 8,000. Watakila ka rubuta shi a gefen shiga alhali na fita ne, kuskuren ya ninka kansa.

In bambancin 100 ne ko 1,000 cif, sake tarawa, yawanci a wurin ɗaukar lamba aka yi tuntuɓe. In kuwa ya yi daidai da wani kuɗi da ka sani, duba ko an tsallake shi, ko an rubuta shi sau biyu.

Yadda ake gyara

A nan ne masu gaskiya da yawa sukan jawo wa kansu zargi. Kada ka kankare, kada ka shafa farin ruwan gogewa, kada ka yage shafi, kada ka danne tsohuwar lamba da biro har ta ɓace. Mai binciken kuɗi in ya ga kankara ba zai san abin da ke ƙarƙashi ba, dole ya yi tsammanin mugun abu. Ja layi ɗaya siriri a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, rubuta daidai a samansa, sa hannu da kwanan wata. In an riga an rufe lissafin watan an karanta wa jama'a, bar shafin yadda yake. Yi sabon layi a watan da ake ciki: "Gyaran kuɗin mota na watan jiya, an rubuta 45,000 maimakon 54,000, ƙarin fita 9,000." Shugaba ya sa hannu kusa da naka.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Luca Pacioli, wani malamin lissafi a Italiya, ya buga littafi a birnin Benis a 1494 inda ya bayyana yadda 'yan kasuwa ke riƙe littattafansu. A ciki ya koya a sami mataimaki a bi rubutu ɗaya ɗaya ana sa alama, ya kuma koya a gyara kuskure da wani rubutu mai warware na farko. Fiye da shekara 500 ke nan, masu aiki da kwamfuta ma a kan hanyar nan suke.

Abu ɗaya da ba a yi ko kaɗan: kada ka cike giɓi daga aljihunka a ɓoye domin kunya, kada kuma ka ƙirƙiro layin "sauran abubuwa" domin lissafi ya haɗu. Yau naira 700 ce, gobe kuskuren zai fito, sa'an nan ba wanda zai gaskata ka.

In laifin na banki ne

Banki ma yakan yi kuskure. Kada ka canja littafinka domin ya bi nasu. Rubuta wa manajan reshenku takarda, haɗa da shaidarka, ka riƙe kwafi. In ba su warware ba, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, ana kai ƙara can. Ka tuna kuma cek da ya wuce wata shida ba a kai shi ba, banki ba ya biyansa. Nemi mai shi ku daidaita. Saƙon waya kuwa ba shaida ba ne, gama akwai na jabu. Abin da ya fito a takardar banki shi ne ya shiga.

Shawarata ga kowace ƙungiya, da mai kanti, har da maigida da uwargida masu asusu ɗaya, ita ce a yi wannan aiki kowane wata, cikin makon farko. Wanda ba ya taɓa kuɗin shi ne zai zauna da ma'aji su yi tare, su biyu su sa hannu. Ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga ma'ajin kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kuskuren wata ɗaya ana samunsa cikin sa'a guda, na shekara kuwa yakan raba zumunci.

Matan nan yanzu ran Asabar ta farko ga wata suke zama da fensirinsu. Ma'ajiyarsu tana nan a kan aikinta.

A wata mai zuwa za mu duba yadda ake riƙe 'yan kuɗin kashewa na yau da kullum. Ku huta lafiya.