Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sana'a Da Firiza a Kaugama



Iyayena mata masu ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, 'yan'uwana masu ɗanyen kifi da kaji, da ku da maƙwabta ke kawo wa ajiyar nama, daga cikin garin Kaugama har Yalleman, ina gaishe ku. Ya kasuwa, ya kuma zafi?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ke yawo a bakin mutane: "Ai yana cikin firiza." Da an faɗi haka an gama, babu mai sake tambaya. To, iyakar abin da sanyi ke yi wa ƙwayoyin cuta shi ne ya kwantar da su. A digiri 18 ƙasa da sifili, wanda shi ne sanyin da ake so firiza ta riƙe, sukan daina hayayyafa, amma da ransu. Da kaya ya narke sun farka, su ci gaba daga inda suka tsaya. Yadda kifi ya shiga firiza haka zai fito, ko ma ya ɗan fi lalacewa.

Ku ɗauki tarwaɗa ko karfasa da masunci ya kamo da asuba a fadamar kogin Haɗeja. Ta zauna a kwarya ko a daro, an yi ciniki, an ɗaura a bayan babur, ta sha rana a hanya, sai wajen azahar ta iso gida. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi samun yadda suke so, wasunsu suna ninka yawansu cikin minti 20. A watan Afrilu kuwa zafinmu yakan haura digiri 40. Shi ya sa masana ke cewa ɗanyen nama ko kifi kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafi ya kai irin namu awa 1. Na san wannan da wuya a kan hanyar Haɗeja, amma 'yar kula da ƙanƙara a ciki tana rage ɓarna sosai, kuma ku ne masu ƙanƙarar. Da kifi ya iso a farke shi, a cire kayan ciki, don daga can ruɓa ke farawa. A wanke da ruwa mai tsabta, a tsane, sannan a ƙulle.

Yadda ake jera shi ma da magana. Wani Ba'amurke, Clarence Birdseye, wanda ya zauna a Labrador ta ƙasar Kanada kimanin shekara 100 da suka wuce, ya lura cewa kifin da mutanen wurin ke kamawa yana daskarewa nan take saboda tsananin sanyi, kuma in an narkar da shi bayan watanni sai a ji kamar sabo. A kan wannan ya gina sana'ar daskarar da abinci cikin gaggawa. Dalilin shi ne, idan abu ya daskare a hankali, ruwan cikinsa yakan zama manyan ƙanƙara masu yaga tsoka, ya narke ya yi laɓo-laɓo yana zubar da ruwa. Wanda ya danna kifi buhu guda cikin firiza, gefe zai yi tauri, tsakiya kuwa ta kwana ba ta daskare ba. A raba ƙananan ƙulli, a baje su, a matse iskar leda, a jingina su da bangon firiza. Sai sun yi tauri a tara su wuri ɗaya.

Babbar matsalarmu dai wuta ce, kuma a nan nake so mu daɗe. Hukumomin kula da abinci a Amurka sun ce cikakkiyar firiza, idan ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kimanin awa 48 bayan ɗauke wuta, mai rabin kaya kuwa awa 24. Ku lura da sharaɗin: ba a buɗe ba. Firizar da yara ke zuwa sayen ƙanƙara duk bayan ɗan lokaci, kuma tana ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, ba za ta kai haka ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kunna janareta ya zama sai dole, sola kuwa ba kowa ke da kuɗinta ba. Saboda haka a yi dabara. Idan kaya bai cika ta ba, a cike gurbin da robobin ruwa su daskare, su ne za su riƙe sanyin. Kayan sayarwa na yini a kwashe su lokaci ɗaya a zuba a kula, a bar firiza a rufe. Ana iya lulluɓe ta da bargo idan babu wuta, amma da wuta ta dawo a yaye, don firizoji da yawa ta jikin bangonsu suke fitar da zafi.

Abin tsoro shi ne wutar da ta tafi ta dawo kana barci ko kana gona. Nama ya narke, ya ɗumama, ya sake daskarewa, ka buɗe ka gan shi kamar dutse. Duba ƙasan ledar. In ka ga jan ruwa ya taru ya daskare a kusurwa, ko yankan da ka zuba a warwatse sun manne sun zama dunƙule ɗaya, to ya narke a bayan idonka. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: a cika ƙaramin kofi da ruwa ya daskare, a ɗora tsakuwa a kai, a bar shi ciki. Ranar da aka tarar da tsakuwar a ƙasan kofi, an san abin da ya faru. Naman da ya yi laushi amma har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi, ko da yake ɗanɗano zai ragu. Wanda ya narke sarai har ya bar sanyi na tsawon awanni, kada a sayar wa kowa. Shinshinawa ba ta isa hujja ba, domin yawancin ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa ba su da wari.

Masu kifin kwali, wato titus da shawa da ake kawowa daga teku, naku ya fi tsanani. Irin wannan kifi in ya ɗumama yakan tara wani sinadari, histamin, wanda suya ko dahuwa ba sa kashe shi. Mutum ya ci, cikin ɗan lokaci fuska ta yi zafi, jiki ya ɗau ƙaiƙayi, kai ya sara, a ce ai kifi ne bai karɓe shi ba.

Iyayena masu ƙanƙara, ku gafarce ni in faɗi wadda ba a son ji. Hura leda da baki kafin a zuba zoɓo, da robobin da yara ke tsintowa a kurkure su da ruwa kawai, duk hanyoyin cuta ne, kuma daskarewa ba ta wanke su. Ƙwayar kwalara tana iya rayuwa cikin ƙanƙara. Ba mu manta 2021 ba, shekarar da Jigawa ta shiga sahun jihohin da cutar ta fi yi wa ɓarna, ga shi kuma duk daminar da kogi ya yi ambaliya rijiyoyi kan gurɓata. Ruwan da za a ƙulla a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa. Kuma ɗanyen nama ya zauna ƙasa cikin bokiti mai murfi, abin sha a sama, don jinin da ya ɗiga kan ledar ƙanƙara bakin yaro zai shiga. Da haƙori yara suke farke ta.

Wajen narkarwa, kada a shanya a rana. A sa ƙullin cikin ruwan sanyi ana sauyawa, in ya saki a dafa nan take.

Sai Babbar Sallah, lokacin da kowa ke aiko yaro da leda a ajiye masa. Kunya kan sa a karɓi fiye da ƙarfin firiza, naman layya mai ɗumi ya narkar da wanda ya riga shi shiga, kowa ya yi asara. Ku karɓi iya abin da za ta daskarar, ku rubuta sunan mai shi da ranar da ya kawo. Hanta da kayan ciki a fara cinye su. Tsokar nama tana kai watanni da dama in sanyi bai yanke ba, kifi mai maiƙo kuwa wata 2 zuwa 3. Idan wuta ta yi kwana guda babu labari, ku aika wa masu ajiya tun naman yana da ƙanƙara su zo su ɗauka, a soya, a yi dambu ko kilishi, kifin kuma a hau da shi banda.

Allah Ya sa albarka a nema. Wassalam.