Ƙurajen akuya mai ciki: A san ciwon kafin a soka allura

A damunar bara wata gwaggona ta ga jar akuyarta tana ta goga jiki a bangon gida, gashin wuya da na kunnuwa yana zubewa, fatar ta yi kauri. Cikin akuyar ya haura wata huɗu. Sai ta aiki yaro kasuwa, mai sayar da maganin dabbobi ya ba shi allura. Washegari ƙaiƙayi ya lafa, kowa ya yi murna. Bayan kwana uku akuyar ta yi ɓarin 'ya'ya biyu. Da na duba kwalbar, sai na ga dexamethasone ce.

Wannan allura tana kwantar da ƙaiƙayi da kumburi, shi ya sa masu saye ke yabonta. Amma ba ta kashe abin da ya kawo ƙurajen, kuma a ƙarshen ciki tana iya tayar da naƙuda. Akuya kwana 150 take ɗaukar ciki. Gwaggo ta yi wata huɗu tana sayen dusa da harawa, allura ɗaya ta cinye wahalar.

A ganina babban kuskurenmu shi ne duk abin da ya fito a fatar akuya mu ce ƙuraje ne, mu nemi magani ɗaya. Alhali ba ciwo ɗaya ba ne. Ƙazuwa wasu ƙananan ƙwari ne ke shiga cikin fata, ita ce mai tsananin ƙaiƙayi. Maganinta ivermectin, a yi ta ƙarƙashin fata daidai da nauyin dabbar, a maimaita bayan kamar mako biyu, kuma likitocin dabbobi suna ba masu ciki. Kirci kuwa ƙwayar bakteriya ce mai son danshin damuna, gashi ya dunƙule da ɓawo, ivermectin ba ta yi masa komai. Makero yana fitowa zagaye-zagaye, yana kuma kama yaran gida. Ƙurajen baki su ne abin tsoro gab da haihuwa, domin suna iya sauka kan hantsa, uwa ta hana 'ya'ya tsotso saboda zafi.

Sai maganar baƙin mai da maganin ƙwarin gona da wasu ke shafa wa dabba. Akuya tana lasar jikinta, fatar da ta tsage kuma tana shan guba. Ko albendazole da muke ɗura musu don tsutsar ciki, ana gujewa ba da shi a farkon ciki, saboda yana iya nakasa ɗan tayi.

Za a ce likita ya yi nisa, kuɗin mota ya fi kuɗin magani. Gaskiya ne, kuma ban ga laifin gwaggo ba. Galibin awakin cikin gida na mata ne, su kuma ba su ne ke zuwa kasuwar dabbobi ba, saƙo suke bayarwa. Don haka nauyin yana kan mai sayarwa: kafin ya miƙa kwalba, ya tambaya ko akuyar tana da ciki, wata nawa. Hukumomin kiwon dabbobi na jihohi su ma su kai bayanin nan gidajen rediyo da makarantun Islamiyya na mata.

Kafin a samu mai duba ta, a ware akuyar daga sauran, a share turken, a bar ta wuri busasshe, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Mai waya ya ɗauki hoton fatar ya tura wa malamin dabbobi, ya faɗa masa watannin cikin.