Lambar zane a kan kwalin magani: wa zai karanta ta a Bosso?

Duk wanda ya taɓa sayen sabulu ko gwangwanin madara ya ga waɗansu ƴan layuka baƙaƙe, wani siriri wani mai kauri, jere a gefen kwali, da lambobi a ƙarƙashinsu. Da Faransanci ana ce musu code-barres; mu a wannan fili za mu kira su lambar zane. Akasarinmu ado muka ɗauke su. To, makon nan muna so mu duba abin da wannan lamba za ta iya yi wa majinyaci a Bosso da sauran garuruwan bakin Komadugu, domin magana ce da ta shafi ɗan kasuwa mai shigo da kaya, ta kuma shafi ma'aikacin da ke sa hannu a takardar karɓa.

Mu fara da abin da ya taɓa samun ƙasarmu. Tsakanin watan Fabrairu da na Mayu na shekara ta 1995, annobar sanƙarau ta kama mutum sama da dubu 40 a Nijar. Ana cikin wannan hali sai gudummawar allurar rigakafi ta iso daga Najeriya, ta mutum dubu 88, kwalabe ɗauke da sunan Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham, kamfanoni biyu da babu mai shakkar kayansu. Waɗanda suka ba da kyautar sun ɗauka mai kyau ce. Likitocin ƙungiyar MSF da ke aiki tare da ma'aikatan lafiyarmu su ne kamannin allurar bai kwanta musu a rai ba, aka tambayi kamfanin Pasteur Mérieux na Faransa. Amsa ta dawo cewa lambar zubi da ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwalaben ba su dace da abin da ke cikin littafin masana'antar ba, da aka auna kuma ba a samu ko ɗigon magani a ciki ba. Kafin nan an riga an yi wa mutum wajen dubu 60 allurar banza, sun koma gida suna ganin sun tsira. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan al'amari. Ragowar dubu 28 kuwa, da lambar zubi aka bi sawunsu aka lalata.

Abin lura a nan shi ne, lamba ce ta tona asirin ƴan jabu, lamba ce kuma ta nuna inda sauran kwalaben suke. Sai dai tambayar ta yi doguwar tafiya kafin ta samu amsa, kuma a cikin wannan jinkiri ne aka yi ɓarnar. Amfanin lambar zane a harkar magani bai wuce ta gajarta wannan tazara ba: tambayar da a 1995 sai an kai ta Turai, yau ma'aikaci na iya yin ta a bakin mota, kafin a sauke kaya. Kada kuma wani ya ce wannan tsohon labari ne, domin a 2015, da kuma 2019, OMS ta sake fitar da gargaɗi game da jabun allurar sanƙarau da aka gani a Nijar.

Ita lambar zane a kanti aka haife ta. Ranar 26 ga watan Yuni na 1974 aka fara karanta ta da na'ura, a jikin fakitin cingam, a garin Troy na jihar Ohio ta Amurka. Ƙasashen Turai suka kafa tasu ƙungiya a 1977, mai lambobi 13, daga baya aka haɗe, kuma tun 2005 ƙungiyar da ke raba lambobin ke amsa sunan GS1. A nan akwai abin da ya kamata ƴan kasuwarmu su sani, don kada a yi musu sakiyar da ba ruwa. Lambobi uku na farko suna nuna ƙasar da kamfani ya yi rajista: 615 Najeriya, 890 Indiya, daga 690 zuwa 699 Sin, daga 300 zuwa 379 Faransa. Ba sa nuna inda aka sarrafa kayan. Bayan haka, wannan zane iri ɗaya ne a kan kowane kwali na magani ɗaya, ko da kwali miliyan ne, kuma duk mai injin buga takarda zai iya kwafe shi. Saboda haka dillalin da ya nuna maka layukan ya ce «ga shaida, ɗan Faransa ne», bai nuna maka komi ba.

Wanda ake magana a kansa yanzu wani ne daban: ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo, bai fi faɗin farce ba, ana kiran sa DataMatrix. Abu huɗu yake ɗauke da su: lambar irin maganin, lambar zubin da ya fito ciki, ranar ƙarewar aikinsa, sai lamba ta huɗu wadda ta wannan kwali ce shi kaɗai a duniya. Ta huɗun ita ce ke hana ɗan jabu barci. Masana'anta na aika jerin lambobinta zuwa wani babban kundi na kwamfuta; in kwali ya iso hannun mai farmasi sai ya haska shi, kundi ya amsa ko ya san lambar ko bai san ta ba, sa'an nan ya soke ta. In an kwafi lambar gaskiya an buga a kan kwali dubu, na biyu da aka haska zai tayar da ƙara, kamar motoci biyu su shigo tashar Diffa da lamba ɗaya. Turkiyya ta kama wannan hanya tun 2010, ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta ta daga ranar 9 ga Fabrairu na 2019. Kusa da mu, hukumar NAFDAC ta Najeriya ta tara hukumomin magani na ƙasashen Afirka 25 a Legas cikin Satumba na 2019, suka amince da bin tsarin GS1, kuma a 2022 Najeriya da Ruwanda suka fara tantance allurar rigakafi ta kundin da UNICEF ta kafa.

Yanzu mu auna wannan da hanyar Bosso. Kwalin magani da ya sauka a tashar jirgin ruwa (tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina Faso) sai ya iso Yamai, ya kama hanyar Dosso, Konni, Maradi, Damagaram, Gure, Maine-Soroa, fiye da kilomita 1,300 kafin Diffa, daga can kuma akwai sauran wajen kilomita 100 zuwa Bosso. A kowane zango akwai hannun da ya karɓa da littafin da aka rubuta, kuma duk inda ake kwafar lamba da biro cikin zafi da gajiya, 1 na iya zama 7. Sa'an nan ba hanya ɗaya maganin ke biyowa ba. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu na 2015, da na ranar 3 ga Yuni na 2016 wanda ya watsa dubban mutanen Bosso zuwa Toumour da bakin babbar hanya, ƙungiyoyin agaji irin su MSF da Croix-Rouge da UNICEF suka shigo jihar, kowace da ma'ajinta da irin lissafinta, ga na gwamnati da ke zuwa ta ONPPC, ga na ƴan kasuwa da ke ƙetaro kogi. In aka ce zubi kaza na magani kaza ya lalace a janye shi, wa zai iya cewa kwali nawa ke Toumour, nawa ke Baroua, inda aka fara mayar da ƴan gudun hijira a watan Yuni na 2021?

Masu fataucin tattasai sun san wannan matsala, sun kuma san maganinta: buhun da zai tashi daga bakin Komadugu zuwa kasuwannin Najeriya, mai shi kan sa masa shaida don kada ya ɓace cikin na jama'a. Amma shaidar buhu, mai shi da dillalinsa ne suka san ta. Darajar tsarin GS1 ita ce shaida ɗaya ce da masana'anta a Indiya, da ɗan duwan a kan iyaka, da majo a CSI, duk za su karanta su fahimci abu guda. In kowace ƙungiya ta ƙirƙiro tata lamba da tata na'ura, an koma gidan jiya, sai dai an ƙara kashe kuɗi.

Za a ce mana Bosso ba kullum ake samun rezo ba, balle wutar lantarki. Gaskiya ne, amma ba ta rushe maganar ba. Irin magani, da lambar zubi, da ranar ƙarewa, a cikin murabba'in kansa suke rubuce, salula mai kamara na karanta su ko da babu rezo ko kaɗan. Wannan kaɗai ya isa majo ya san wane kwali zai fara fitarwa kafin ya lalace, ya kuma tsamo zubin da aka ce a janye. Tambayar babban kundi ce ke bukatar rezo, kuma ita ana iya yin ta a Diffa kafin mota ta tashi.

Akwai kuma gefen majinyaci. A manyan asibitoci na waje ana ɗaura wa mara lafiya ɗan awarwaro mai lamba, a haska shi a haska magani kafin a ba shi. Wani bincike da aka buga a 2010, daga wani asibiti na birnin Boston, ya nuna kurakuran ba da magani sun ragu da wajen kashi 41 cikin 100. Wanda ya taɓa shiga ɗakin haihuwa a yankinmu ya san ana iya samun Falmata uku a jere, biyu ba su da takardar haihuwa, ɗaya daga ƙetaren kogi ta zo. A wurin ƙarin jini, musanyar suna ɗaya ta isa ta ɗauki rai. Sai dai a ganinmu wannan mataki na biyu ne. A fara da ma'aji.

To, ina lambar take gazawa? Babbar gazawarta a wurinmu ita ce, ita a kan kwali take, mu kuwa ba kwali muke saye ba. Tun da darajar sefa ta faɗi da rabi a watan Janairu na 1994, kuɗin magani ya haura, tallan magani a faranti da kan tebur ya bunƙasa, abin da ma'aikata ke kira pharmacie par terre. Talaka ƙwaya biyu yake saye, ja da rawaya, a ƙulle cikin leda, kwalin kuwa an daɗe da hura wuta da shi. A Diffa, inda naira ke yawo a kasuwa kamar sefa, da yawan wannan kaya daga Najeriya yake. Tun 2010 NAFDAC ta fito da dabarar kankare wani ɗan wuri a jikin fakiti a aika lambar ta saƙon waya, amma an gina ta ne a kan layukan wayar Najeriya, kuma ita ma sai fakitin ya iso hannunka a rufe. Muddin CSI ta wayi gari babu magani, mutane za su koma wa mai faranti, kuma babu na'urar da za ta bi su can.

Haka nan lamba ba ta ɗanɗana abin da ke cikin kwalba. A 2022 yara wajen 70 suka mutu a Gambiya bayan shan maganin tari na ruwa da ya fito daga wata masana'anta ta Indiya. Kayan na masana'antar ne, gubar a ciki take. Da an haska shi, da na'ura ta ce na gaskiya ne. Don haka aikin ɗakin awon magani na ƙasa, LANSPEX, yana nan daram. Ba ta kuma sanin ko firigo ya mutu a hanya cikin zafin watan Afrilu; wannan aikin ɗan tambarin nan ne mai canza launi da ke jikin kwalbar rigakafi.

Wata magana kuma da ba a cika son faɗa a taro ba: lamba na tuna hannun da kaya ya bi. Tun 2006 doka ta ce a yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 magani kyauta, amma ba baƙon abu ba ne a ga abincin yara masu tamowa ko maganin zazzaɓi na kyauta a kan teburin ɗan tireda. Ranar da kowane kwali ya zama mai suna, za a san daga wane ma'aji ya fita da kuma ranar. Ma'aikaci mai gaskiya, wanda yau ake yi wa kuɗin goro da ɓarawo, shi ne farkon wanda zai huta. Wanda ke ci daga duhun lissafi kuwa, shi za ku ji yana cewa na'urar ba ta dace da ƙasarmu ba.

Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da shirin Lome na yaƙi da jabun magani a watan Janairu na 2020. Sa hannu a takarda abu ne mai sauƙi. Abin da muke ganin ya fi kusa da hannu shi ne ƙarfin mai saye. Gavi da UNICEF sun gindaya wa masana'antun rigakafi sharaɗin sa lambar GS1 a kan kwalayen da suke saye, da wa'adin ƙarshen 2021; ke nan wani ɓangare na kayan da ke shiga firigon Diffa da lambarsa yake zuwa, mai karantawa ake nema. ONPPC da manyan ƴan kasuwa masu lasin shigo da magani na iya sa irin wannan sharaɗi a cikin odarsu, a kuma ɗora wa ma'ajin jiha nauyin haska kaya sau biyu, ranar sauka da ranar fita, a rubuta CSI ɗin da aka nufa da shi. Sanƙarau da hunturu yake farawa, ya yi tsanani da bazara, kuma allurar da za a yi wa yaran Bosso a lokacin, watanni kafin nan ake rubuta sharuɗɗan sayenta. A cikin wannan takarda ya kamata maganar lamba ta shiga, tare da kuɗin salula da na horar da wanda zai riƙe ta.