Dutsen Pawagad: Sulhu Ne Ko Kuwa Rinjaye?

A jihar Gujarat ta ƙasar Indiya, wajen mil 30 daga birnin Baroda, akwai wani dutse mai tsawo wanda a ke kira Pawagad. Bisa kansa akwai tsohuwar ganuwa, da ɗakin bautar Hindu na Kalika Mata, da hubbaren wani waliyyi, Sadan Shah. A gindinsa kuwa kufan birnin Campaner ne, da masallatansa na dutse.

Asalin maganar shi ne, cikin 1484 Sarkin Gujarat Mahmudu Begada ya ci ganuwar nan bayan ya daɗe yana kewaye da ita, sa'an nan ya mai da Campaner babban birninsa. Hindu suna cewa a zamanin nan ne aka rushe ƙololuwar ɗakin bautarsu. Daga baya hubbaren ya zauna bisa rufin ɗakin, watau masu ziyara na addini biyu suna hawan tsani guda.

Haka aka zauna har masu riƙon hubbaren suka yarda aka ɗauke shi, aka sāke gina shi a gefe, nan bisa dutsen. Aka tā da ƙololuwar, kuma ran 18 ga Yuni 2022 Firayim Minista Narendra Modi ya ɗaga tuta a kanta.

To, masu yabon abin suna da hujja. Ba a zub da jini ba, hubbaren bai ɓace ba, ziyara ba ta yanke ba, masu sayar da abinci da tsaraba ba su rasa kasuwa ba. Wanda ya tuna rushe masallacin Babri a 1992, da rayukan da suka salwanta bayansa, ya san darajar wannan.

Amma fa akwai abin dubawa. Dokar Indiya ta 1991 ta ce kowane wurin ibada ya tsaya a kan addinin da ya ke ran 15 ga Agusta 1947. An yi ta ne don kada mai ƙarfi ya tono tsohon tarihi ya kori maras ƙarfi. In sulhun Pawagad ya zama abin koyi, sai a riƙa matsa wa kowane masallaci da hubbare har ya yarda, alhali kuwa malamai sun sani yardar wanda aka tilasta ba ta ƙulla ciniki. Ga ƙararraki a kan masallatan Waranasi da Matura, har a Disamba 2024 Kotun Ƙoli ta dakatar da karɓar sababbin ƙararraki irinsu.

Saboda haka ma'aunin sulhu guda ne: in da masu hubbaren sun ƙi, da an bar su? Inda amsa ta zama i, sulhu alheri ne. Inda ta zama a'a, rinjaye ne aka sa wa rigar sulhu. Allah ya zaunar da ƙasashe lafiya, amin.