Ƙaiƙayin Matsematsi: Ina Kunyar Take, Ina Hankalin Yake?

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata cuta da ta addabi maza, musamman samari, daga Ƙauran Namoda har Zurmi, amma kunya ta hana a ambace ta. Ita ce ƙaiƙayin matsematsi: tabo mai saɓa, mai gefe kamar zobe, wanda ke bazuwa zuwa cinya. Dangin makero ce. Ƙwayarta irin ta funfuna ce, ba abin da take so kamar zafi da danshi, shi ya sa take tsananta da bazara da damina.

Abin takaici, wanda ya ji nauyin faɗa wa likita shi ne za ka gani ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, tsaye gaban mai lasifika, ana zuba masa batsa a bainar jama'a, ana ce masa sanyi ne ko sammu. Subhanallahi! Wace irin kunya ce wannan?

Mafi muni, wani ya koma gida ya tuhumi matarsa. Lalle wannan mummunan zato ne, yana iya kaiwa ga ƙazafi, wal'iyazu billahi. Cutar nan tana bin tawul da wandon aro, kai, tana ma tasowa daga tsakanin yatsun ƙafar mai ita.

Wani kuma kemis yake zuwa ya sayi man da aka haɗa da sitiroyid, irin bitametason. Ƙaiƙayin ya lafa kwana biyu, ƙwayar tana ƙara cin fata. A Indiya likitoci sun danganta yawan shafa irin wannan haɗi da yaɗuwar wani nau'i mai taurin kai, da aka raɗa wa suna a 2020, wanda sau da yawa tabinafin ba ya kashe shi.

Alhali maganin ba ɓoyayye ba ne: kulotirimazol zalla, safe da dare, mako 2 zuwa 4, ba a dainawa don ƙaiƙayi ya tsaya. Sunna ta iyakance barin gashin mara kada ya wuce kwana 40, mu nawa muke kiyayewa? Bayan tsarki da wanka a tsane wurin sarai, a bar matsattsen wandon roba, a wanke na ciki kullum a shanya a rana. In an cika mako 4 babu sauƙi, ko tana tafiya tana dawowa, a tafi asibiti, a nemi a auna sukari.