Dokar Halartar Lacca: A Ɗaure Ɗalibi, A Saki Malami?

Akasarin jami'o'in Nijeriya suna da doka a rubuce cewa ɗalibin da bai halarci kashi 75 cikin 100 na laccocin wani darasi ba, to ba zai zauna jarrabawarsa ba. Wato a kowace lacca 4 sai an ga fuskarsa a 3. Wasu 'yan'uwa ɗalibai suna ganin wannan takurawa ce, wai tunda mutum ya mallaki hankalinsa a bar shi ya yi karatu a ɗaki, ranar jarrabawa a gani. Wasu ma har suna fakewa da hidimar addini.

Wannan magana ba ta da madafa. Tun fil azal ilimi a bakin malami ake ɗaukarsa. Ɗalibin zaure mai karatun Ahalari ko Risala bai taɓa cewa tunda littafin yana kasuwa ya wadatu da zuwa gaban malam ba. Yana zuwa ne a gyara masa baƙi, a warware masa abin da ya shige masa duhu. To ina ga mai karatun likita, wanda gobe rayukan jama'a za su shiga hannunsa?

Mafi muni shi ne ɗan'uwan da yake kwance a ɗaki, abokinsa yana sa masa hannu a takardar halarta. Wannan shaidar zur ce tsagwaronta, wal'iyazu billah, kuma da mai sawa da wanda aka sa wa duk sun yi tarayya a cikinta. Wanda yake kiran mutane su tsaya a kan gaskiya ba zai fara da ha'inci a kan layi ɗaya na takarda ba.

Sai dai fa ma'auni ɗaya ake auna kowa da shi. A 2020 malaman jami'a sun yi kimanin wata 9 suna yajin aiki. A 2022 suka sake yin wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, suna neman gwamnati ta cika yarjejeniyar da ta sa wa hannu tun 2009. Ɗalibai suna gida, shekarunsu suna tafiya, ba wanda ya lissafa wa mahukunta nasu kashin. Akwai kuma malamin da ba a ganinsa sai jarrabawa ta ƙarato, ya zo da tarin takardu a saya. Ga zauren da ɗalibai suke rataye a taga, ba amsa-kuwwa, na baya bai jin komai. Shi ma wannan an ce ya halarta!

Don haka ɗan'uwa ya shiga aji a kan lokaci, ya sa hannu da hannunsa. Sannan ɗalibai su haɗa murya su nemi a ajiye wa malami tasa takardar halarta, kuma kada a ƙara sa lacca ko gwaji a lokacin sallar Juma'a.